Sunan Garofita a Fosta

Shekara ashirin da biyu ina ɗinka kayan 'yan wasa a gidan wasan kwaikwayo na garinmu, kusa da Craiova, ban taɓa ganin an ba ɗan ƙabilar Romani tsara rawa ba. A kan dandamali kam ana son su, su yi ta juyi. Garofita, 'yar Romani ce, ta shekara goma sha ɗaya tana koyar da taku a matsayin mataimakiya, burinta ɗaya: sunanta ya fito a fosta, uwarta ta gani.

Da aka shirya wasan waƙa da rawa a kan bikin auren Romani, kowa ya ce lokacinta ya yi. Sai shugabarmu, Madam Dobrescu, ta ɗauko Octavian daga Bucharest, mutumin da a bidiyo kawai ya taɓa ganin bikinsu.

Shi ya tsara amarya ta kaɗa jan siket ɗinta a kan surukinta yana zaune. Ni na ɗinka siket ɗin.

Garofita ta ce, "Maigida, a wurinmu siket ɗin mace ba ya taɓa kan namiji. Ƙazantar da shi ke nan. Bayan haka ko kofi ba mai sha da shi."

Ya ce, "Haba 'yar gari, ai nan ne za a yi tafi."

Magana ta fita, ƙungiyar Romani ta rubuto takardar ƙorafi. Washegari Madam ta zo har ɗakin ɗinki, inda Garofita ke taya ni guga.

"Albishirinki. Sunanki zai fito tare da na Octavian, masu tsara rawa."

"Za a cire siket ɗin?"

"Saura kwana shida, ƙanwata. Ba a taɓa komai."

Bayan ta fita na ce, "Ke, fakewa za su yi da ke."

"Na sani, Tanti. In na ƙi, sai yaushe kuma?"

Ta karɓa. Haushi ya cika ni, amma ban ga laifinta ba.

Ranar buɗewa uwarta ta zo da mata takwas, sun sha ɗankwali da ɗankunnen zinariya. Tsohuwar ba ta iya karatu ba. A ƙofa ta sa aka nuna mata sunan, ta ɗora yatsa a kai ta daɗe.

Ina leƙe ta bayan labule lokacin da siket ya bi ta kan suruki. Tafi ya kaure. Matan tara suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, suka fita.

Jarida ta yaba mana, wai mun kafa tarihi. Madam ta sa an yi wa fostar firam, ta ba Garofita kyauta. Fostar tana nan bayan keken ɗinkina, ta fuskanci bango. Garofita ta ce in ajiye mata, ba ta da gidan da za ta rataye ta.