Rami Ɗaya Babu Harsashi

Daria ta sauko daga jirgin safe da shawararta a ƙulle: bana mahaifiyarta ba za ta ƙara hawa tudu ita kaɗai ba. In ta ƙi ji, to ta tattara kayanta su koma birnin Anchorage, inda Daria ke aikin jinya. Tun ba ta ajiye jaka ba ta faɗi haka, don ba ta iya kwana-kwana ba, halin da ta ɗauko wurin uwar tata.

Uwar, Fedosia, na tsaye tana yanka kyafaffen kifi, ko waigowa ba ta yi ba. Ta haura saba'in, kuma tun tana amarya duk ƙarshen bazara sai ta hau tudun bayan ƙauyensu na tsibirin Kodiak a Alaska, ta tsinko jajayen 'ya'yan itacen nan da ake dafawa da sukari a ɗura a kwalabe. Matsalar ita ce beyar, ƙaton naman dajin nan mai farata, shi ma yana son su, kuma beyar ɗin Kodiak in ya miƙe tsaye sai ya leƙa rufin ɗaki.

"Ina da bindigata," in ji Fedosia.

"Kina da ita, Mama, amma kina da hannun harba ta? Dubi yatsunki fa. Sanyin ƙashi ya mai da su kamar citta."

"Cittar ce ta raine ki, marar kunya."

Bindigar tana rataye a bayan ƙofa, cikin gidanta na fata mai igiyoyi da ake ɗaurawa a ƙirji. Libarba ce mai ramukan harsashi shida, bakinta babban yatsa ya kusa shiga, amma in ka ɗaga ta sai ka rantse ta wasan yara ce. Marigayi mijin Fedosia ne ya saya mata, bayan ya gane cewa tsohuwar bindigarta mai nauyi kullum a gida take barinta, wai tana hana ta sunkuyo. Wannan kuwa sai ta wuni da ita a ƙirji ta manta. Sai dai rashin nauyin nan a tafin hannu ake biyan kuɗinsa. Duk ƙarfin harsashin da ya isa ya tsai da beyar, a hannun mai harbi yake huce haushinsa. Ƙarti nawa suka harba ta sau biyu suka tuna suna da uzuri a gida!

Arvid maƙwabcinsu, tsohon masunci mai kunne ɗaya da rabi, shi ya raba gardamar. Ya shigo shan shayi ya tarar da su, ya ce, "Kai, ku bar cika mana gari da ihu. A je bakin teku a yi gwajin rami. Ke 'yar nan ki ɗura mata da hannunki, ki bar rami ɗaya babu harsashi, kada ki faɗa mata wanne."

Kowa a ƙauyen ya san gwajin. Mai tsoron bindigarsa, kafin ta tashi hannunsa ya riga ya zabura, hancinta ya duƙa ƙasa, amma ƙara da hayaƙi sukan rufa masa asiri. In kunamar bindigar ta faɗa a kan ramin da ba kome, babu ƙarar da za ta ɓoye shi. Wanda hannunsa ke zabura kuwa, ranar da beyar ya taso masa, ƙasa zai harba.

"In hancinta ya duƙa, kin bi ni," in ji Daria.

"In bai duƙa ba, ki rufe mini baki har ki koma."

Suka sauka bakin teku. Arvid ya kafa farantin kwali a jikin wani gungume da ruwa ya kawo, kusa sosai, don beyar ba ya sallama daga nesa. Daria ta juya baya tana zura harsasai masu kauri. Gaskiyar magana, so take uwar ta faɗi. Ta ji kunyar wannan fata, amma ta fi tsoron ranar da za a buga mata waya a wurin aiki.

Fedosia ta toshe kunnuwa, ta karɓi bindigar, hancin bindigar na kallon teku, yatsa nesa da kunama. Ta gyara ƙafafu cikin tsakuwa, ta ɗan ranƙwafa gaba kamar mai tura ƙofa, ta damƙe ta can sama da hannu biyu. Daria ta ga yadda karkatattun yatsun nan suka sami mazauninsu ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Ta ja kunama. Wuta ta yi tartsatsi, tsuntsayen teku suka watse, bindigar ta yi sama kamar za ta ƙwace, tsohuwar ta dawo da ita inda take. Ta sake, ta kuma sakewa. Ko daga inda Daria ke tsaye sai da ta ji dukan a haƙoranta. Faranti ya ɓule wuri uku, duk tafin hannu ɗaya zai rufe su.

Sai ja na huɗu.

Ƙas.

Daria ta zuba wa hancin bindigar ido, don ita kaɗai ta san nan ne ramin. Bai motsa ba. Ko na ƙwayar shinkafa bai duƙa ba, ya tsaya cak kamar an kafa shi da ƙusa. Fedosia ba ta ma tsaya mamaki ba, ta ci gaba da ja, sauran biyun suka bi 'yan'uwansu.

"Wallahi matar nan!" Arvid ya cire hula ya buga a cinya. "Fedosia, da na san haka kike, da ban taɓa sace miki itacen wuta ba."

"Na san kai ne, tsohon banza," ta ce. Ta buɗe bindigar, ta zazzage kwanson harsasan a tafinta, ta nuna musu ramukan fayau kafin ta mai da ita gidanta.

Alfahari ya cika Daria, ga kuma baƙin ciki, don ta san abin da ta yi alkawari. Da suka koma gida ta lura uwar ta ɗauki kofin shayi da hagu. Hannun daman na kan cinya, tsakanin babban yatsa da manuni ya tsage ya kumbura. Ma'aikaciyar jinya ce, ta san ciwon da ke wurin. Ta kawo ruwan sanyi a kwano ta ajiye kusa da ita.

Washegari da hantsi Fedosia ta ɗauko bokitinta, ta ɗura harsasai shida, ta rataya igiyoyin fatar a kafaɗa. Sai maɗaurin da ke gefen haƙarƙari ya ƙi shiga. Ta gwada, kumburarrun yatsun suka zame. Ta sake gwadawa, suka sake zamewa. Ba ta ɗago kai ba. Dukansu sun san cewa kalma ɗaya daga bakin Daria yanzu ta isa ta tai da maganar Anchorage.

Daria ta taso, ta ture hannun uwar a hankali, ta zura maɗaurin, ta ja shi ya zauna daidai, ta gyara bindigar a tsakiyar ƙirji inda hannu zai same ta nan take.

"Ya matse ki?"

"A'a, ya yi."

"To ki riƙa waƙa da ƙarfi a hanya, Mama. Muryar nan taki ta fi bindigar korar dabba."

Fedosia ta harare ta, ta fice. Daria ta tsaya a bakin ƙofa tana jin mummunar waƙar tana hawa tudu, ba ta koma ciki ba har sai da ta daina jin ta.