Ramin Tsumma

Karofinmu na Zango ba na mutum ɗaya ba ne. Gayya aka yi aka haƙa ramukan rinin tun ban san kaina ba, aka ce abin da rini ya kawo marina su ci, saura a sayi gero a kai wa tsofaffin unguwa. Rami na can ƙarshe kuwa, ramin tsumma muke ce masa, ba a karɓar ko wuri a kansa. Wanda duk zanensa ya koɗe sai ya kawo a tsoma masa. Ni Ari, ni ke kula da shi.

Shekarar da ake ƙara wa Birni ganuwa, ayari ya sauka dab da Sallah, Buzaye na neman turkudi ido rufe. Sai ga Kyari, wani attajirin Birni, da ɗaurin ƙyalle har jaki na nishi. Ramuka duk sun cika, saura nawa, wanda na haɗa wa sabon baba, ya nuna, yana kumfa.

Baba Garba, sarkin karofi, ya ja ni gefe. "Ari, bana tsumma ya haƙura. Kyari zai ɗauki ramin nan, geron tsofaffi ya ninka."

Na ce, "Baba, ka gaya wa tsofaffin?"

"Ciki ake tambaya ko yana son gero?"

Gaskiya ya faɗa. Amma da safe Iya Sakina, wadda mijinta na cikin masu haƙan, ta iso tana dogara sanda, da zanenta ɗaya tal, ya yi fari-fari kamar toka. Ta ce da ni cikin wasan kaka da jika, "Mijina, an ce ka sake ni ka auri Buzu."

Kyari ya yi dariya. "Iya, ki bari bayan Sallah. Tsomin farko na kayan sarauta ne, ba na wannan ba." Ya ɗaga zanen da bakin sandarsa.

Ni ba mai faɗa ba ne, kowa ya sani. Na dai karɓi zanen hannu biyu, na durƙusa, na tura shi cikin ramin har gwiwar hannu. Na miƙa hannu, matar da ke bayanta ta ba ni nata.

Kyari ya ce, "Ka ɓata baban. Buzu ba ya sa abin da ya bi bayan tsumma."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Baba Garba ya ce in tashi daga bakin ramin. Na ce, "Baba, in ka kore ni zan tafi, kai ne babba. Amma ramin nan ba kai ka ba da shi ba, ba kai za ka karɓe ba. A kira waɗanda suka haƙa."

Ya waiwaya. Waɗanda suka haƙa, matansu ne tsaye, kowace da ƙunshinta. Kyari ya kora jakinsa ya koma Birni.

Gero bai ninka ba, raguwa ma ya yi, don Kyari ya janye sauran kayansa. Baba Garba ya ce tunda ni na jawo, ni zan bi gida-gida in kai. Na kai. Wasu sun harare ni, ban ga laifinsu ba. Iya Sakina ta girgiza ƙwaryar, ta leƙa ciki, ta ce, "Wannan ko kaza sai ta yi ƙara." Sannan ta gyara ɗaurin zanen da na rina mata, ta ce in matsa, na tare mata hanyar Idi.