Abin da Inna ta Faɗa a Gaffati

Shekara talatin da takwas Alkasum ya yi a duniya, mahaifiyarsa Aisa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Duk wanda ya tashi a Birni ya san wannan ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce. In tana so a kira shi sai ta ce, “Ku ce wa wancan tuwonsa na hucewa.” In baƙi suka yabe shi a gabanta, suka ce duk lekwal ɗin unguwa, wato makarantar boko, babu mai koyar da lissafi kamar mushe Alkasum, yadda ake kiran malami a can, sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsince wake, ka ce zancen ɗan maƙwabta ake yi. Tun da aka yaye shi ma kakarsa ta goye shi ta kai Gaffati. Can ya girma cikin gero da awaki, sai da karatu ya kira shi ya dawo gari. Ƙannensa biyar sun hau cinyar Aisa sun sha lele har sun gundure ta. Shi kuwa tsakaninsa da ita gaisuwa ce, yana tsugune a bakin ƙofa, tana amsawa tana kallon bango.

Ciwon kwana uku ya ɗauke shi. A wurin zaman makoki Aisa ce ke bai wa mutane haƙuri, ita ce ke duba ko an kai wa maza ruwa a zaure. Mata suka yi ta yaba dauriyarta. Ita dai ta san abin da ke cin ta: idan ta rufe ido tana so ta ga fuskarsa, ƙeyarsa take gani, domin sai ya juya zai fita take ɗaga kai ta dube shi.

Bayan matarsa Binta ta fita takaba, wata ranar Talata da hantsi ta shigo gidan Aisa da 'yarta Maryama, riƙe da wata baƙar jaka. A bayanta akwai Yusufu, abokin marigayin tun suna aji ɗaya, mai gyaran waya da kwamfuta a kasuwar Dole. Suka gaisa, aka shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar bedi. Binta ta yi ta murza bakin mayafinta kafin ta iya magana.

“Inna, ranar Juma'a za a zo a tafi da mu gidan iyayena a Damagaram Takaya. Na ce kafin nan bari in zo da wannan. Shekaranjiya yarinyar nan ta ga wani mai shuɗiyar riga a lungu, ta bi shi da gudu tana Baba, Baba. Ta fara manta kamanninsa, Inna. Kuma ni ba ni da hotonsa ko ɗaya, sai na katin ɗan ƙasa, wanda ya ɗaure fuska kamar an kama shi da laifi.”

A zamanin da ko akuya aka saya sai an ɗauki hotonta an tura wa dangi, abin da wuyar yarda. Amma wanda ya san Alkasum ba zai yi musu ba. Mutum ne mai tsantseni da na'ura har abin ya yi yawa. Bai yarda a sa hoton iyalinsa a kowane dandali ba. Duk ƙarshen wata sai ya karɓi wayar Binta ya kwashe hotuna da bidiyo ya zuba a kwamfutarsa, ya goge na wayar tas, wai waya tana faɗuwa, ana sacewa, masu gyara kuma ba duka ke tsoron Allah ba. Wannan na ƙarshen a gaban Yusufu yake faɗarsa don neman tsokana. To ga shi tasa wayar ta salwanta a hidimar kai shi likita, komai ya rage a cikin wannan baƙar jaka, a kulle.

Yusufu ya fito da kwamfutar ya buɗe ta a kan turmin da aka kife.

“Inna, kod ya sa mata, wato kalmar sirri. Mun gwada sunan Maryama, mun gwada na Binta, da ranar aurensu, da lambar babur ɗinsa, duk ta ƙi.”

“Kai ba sana'arka ba ce? In makulli ya ɓata ai kwaɗo ake fasawa.”

“Na wani ne da tuni na fasa. Shi mutumin nan ba ƙofa kaɗai ya kulle ba, abin da ke ciki ma ya hautsina shi, sai da kod ɗin yake komawa daidai. In na matsa, sai dai in yi mata fomate, in wanke ta ta koma sabuwa. Kwamfuta za ta yi aiki, amma hoto ko ɗaya ba zai tsira ba.”

“To ni me na sani a ciki? Ni da ko wayata sai an danna min.”

Yusufu ya dubi Binta, Binta ta dubi ƙasa. Sannan ya juyo da fuskar na'urar wajen Aisa, ko da yake ya san ba ta karanta boko. Ya ce idan mutum ya kuskure kod, na'urar takan nuna ɗan rubutun da mai ita ya ajiye don tuna wa kansa, kamar ƙullin da ake yi a bakin zane. Ya sa yatsa a ƙarƙashin rubutun ya karanta a hankali.

“Abin da Inna ta faɗa a Gaffati, shekarar baƙon dauro.”

Aisa ta miƙe ta ce bari ta duba tukunya, alhali ba ta ɗora komai ba. A madafa ta tsaya ta dafa bango.

Ta tuna mana. Yana ɗan shekara bakwai ƙyanda ta kama shi, wadda tsofaffi ke kira baƙon dauro don kada a ambaci sunanta ta yi zuciya. Aka aiko Birni cewa jikin ya yi tsanani. Ba a ce ta zo ba, kuma ba ta isa ta ce za ta je ba. Sai ta ƙirƙiro cewa za ta kai wa surukarta kanwa da daddawa, ta bi amalanken wani mai itace. Ta tarar da shi kwance a ɗakin Kaka, ido a kumbure a rufe, leɓe ya tsage, jiki kamar garwashi. Ta gaida surukarta, ta tambayi damina, ta tambayi awaki, ta kuma tambayi awakin. Da Kaka ta fita rijiya bayan azahar, tsohuwar ta daɗe fiye da yadda ɗiban ruwa ke buƙata, kuma sai yau Aisa ta gane da gangan ta yi. A wannan ɗan tsakanin ta ɗauki kansa ta ɗora a cinyarta, ta sunkuya ta yi magana a kunnensa. Ta ɗauka ba ya cikin hayyacinsa. Da ta san yana ji, da ba ta faɗa ba.

Ashe ya ji. Shekara talatin da ɗaya yana tsugunawa a bakin ƙofarta, yana ina kwana Inna, yana ɗauke da wannan magana a cikinsa, bai taɓa nuna mata ko a ido ba. Ɗan banza, kunyar tata ya gada har ya fi ta. Haushinsa ya kama ta, tausayinsa ya kama ta, ta rasa wanne za ta fara ji.

Da ta dawo ta zauna, sai ta ce, “Na manta. Abin shekara da shekaru.”

Babu wanda ya yarda, babu kuma wanda ya ƙaryata ta. Binta ta ce ba komai Inna, Allah bai nufa ba, ta fara naɗe wayar caji. Maryama ce ta zo ta jingina da gwiwar kakarta tana wasa da carbinta. Aisa ta dubi yarinyar. Kunnuwan nasa ne, masu ɗan buɗewa. Ranar Juma'a za a tafi da kunnuwan nan Damagaram Takaya, yarinya ta girma tana bin masu shuɗiyar riga, saboda wata tsohuwa ta ji nauyin buɗe bakinta.

“Dakata,” in ji ta. “Yusufu, in na faɗa, kai za ka rubuta?”

Yusufu ya riga ya miƙe yana kakkaɓe rigarsa.

“A'a Inna. Kod ba a faɗa wa mai gyara. Da yana nan ya ji na saurara, da sai ya daina gaishe ni. Binta ta iya rubutawa. Ina zaure, in ta buɗe a kira ni.”

Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya san inda zai ajiye idonsa. Da ya fita, tsakar gidan ta yi tsit, sai kukan kurciya a kan bedi. Binta ta jawo turmin kusa, ta ɗora yatsunta a kan haruffa, ba ta ɗago kai ba. Ita ma shekara shida ba ta kira sunan mutumin ba, ta san nauyin abin da ake nema a wurin surukarta.

Aisa ta matso har kafaɗarsu ta haɗu. Ta yi gyaran murya.

“Da kaka, lokacin girbi, ta gabato na haife shi,” ta ce, muryarta can ƙasa. “Rumbu ya ƙare, ana cin ganyen tafasa. Ranar da aka karyo zangarniyar farko aka gasa, ranar ya zo. Kin san tumu, geron farko, wanda ke fitar da mutane daga yunwa. A raina haka nake kiransa. Rubuta Tumuna.”

Binta ta rubuta. Na'urar ta yi ɗan tunani ta ƙi. Ta sake da babban baƙi a farko, ta sake da ƙarami. Ta ƙi.

“Inna, ba ya sa kalma ɗaya. Kullum yana min faɗa, wai gajeren kod ƙofar zana ce. Magana doguwa yake sawa, yadda take. Kuma rubutun bai ce sunan da kika kira shi ba, cewa ya yi abin da kika faɗa.”

Aisa ta rufe ido. Ta ba da rabi tana fatan a bar mata rabi, yaron nan ya ƙi. Tana jin warin ɗakin Kaka, hayaƙi da man shanu da zazzaɓi, tana jin nauyin ƙaramin kan nan a cinyarta. Ta kai bakinta kunnen Binta, kamar yadda ta kai kunnensa a wancan yini.

“Tumuna, kar ka tafi ka bar ni.”

Tana faɗa muryar ta karye. Kukan da ba ta yi ranar jana'iza ba, ba ta yi ranar uku ba, ba ta yi ranar arba'in ba, ya zo mata gaba ɗaya, da ƙarfi, babu ko sallama. Binta tana rubutawa hawaye na ɗiga a bayan hannunta, sai da ta goge ta sake saboda ta kuskure harafi. Ta haɗe kalmomin ba tazara, ta danna.

Fuskar na'urar ta yi duhu, sannan ta waye. Ga shi nan ya cika ta, zaune a kan tabarma da farar singileti, Maryama tana jaririya a wuyansa ta damƙi kunnensa, shi kuma yana dariya har haƙoransa na ciki sun fito. Aisa ba ta taɓa ganin wannan dariyar ba. A gabanta murmushi kawai yake yi, kai a sunkuye.

“Baba!” Maryama ta yi ihu, ta manna tafin hannunta duka a jikin gilashin.

Daga zaure aka ji Yusufu ya ce Alhamdu lillahi, amma bai shigo ba.

Binta ta daɗe tana kallon yatsunta. Sannan ta ce, “Inna, kullum da safe kafin ya tafi lekwal sai ya buɗe ta. Da yamma in ya dawo ya sake buɗewa. Ina shara ina jin ƙarar yatsunsa, har na haddace tsawonta. Na taɓa ce masa wannan kod naka ba ya ƙarewa ne, ka rage shi mana. Ya ce shi bai gaji da rubuta shi ba.”

Aisa ta goge fuskarta da bakin zane, ta sake gogewa, domin ruwan ya hana ta gani. Ta ɗauke hannun Maryama daga gilashin a hankali, ta ɗora yarinyar a cinyarta.

“Matso min da shi nan,” ta ce wa Binta. “Idona ba ya gani daga nesa.”