Kofur Tagwai da Bazarar Turawa

Bayan an gama yaƙin basasa, a lokacin da ake ta zuba tsofaffin 'yan doka cikin 'yan sandan gwamnati, umarni ya iso Kafanchan cewa duk wanda yake so ya ci gaba da sa kaki sai ya ci jarrabawa iri biyu, ta motsa jiki da ta Turancin baki. Wanda ya faɗi, a sallame shi ya koma gona.

Aka ari aji ɗaya a wata makarantar mishan da ke bayan layin dogo, aka nemi malami. Hedimasta ya ba da Silvanus, saurayin da bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba. Kowa ya san shi da zafi. A taron malamai shi ne mai buga tebur yana cewa ana cutar yara, ana tura su aji na gaba alhali ba su iya rubuta sunansu ba, don kawai kada ran iyayensu ya ɓaci. Hedimasta ya ga mutum irin wannan shi ya dace da ƙattin da suka saba ba da umarni.

Ranar farko da yamma, Silvanus ya shiga ajin da littafi a hammata. Ƙattin suka miƙe gaba ɗaya, bencina suka yi ƙara.

"Gud ibinin, sa!"

Ya ɗaga hannu zai ce su zauna, sai hannun ya tsaya a sama. Can a bencin baya, a ƙame, hula a hannu, ga Kofur Tagwai, mahaifin Afiniki, yarinyar da zai aura bayan Kirsimeti. Daminar bara Silvanus ya kwashi abokansa sun je Samaru Kataf sun yi wa mutumin nan huɗa tun safe har rana ta karkata. Bai taɓa gaishe shi a tsaye ba. Bai taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, balle ya kama sunansa. Yau ga shi tsaye yana kiran sa "sa".

Wani ɗan doka mai suna Zamani, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya dubi gaba ya dubi baya, ya ce, "Ticha, ka ce mu zauna mana. Ko sai ka je baya ka durƙusa tukuna?"

Aji ya kwashe da dariya. Kofur bai yi dariya ba. Silvanus ya juya ga allo, ya yi ta goge wurin da babu rubutu.

Littafin da aka aiko daga Kaduna an rubuta shi ne don yaran Ingila, kuma babu wanda ya damu ya tambayi ko ya dace da magidanta masu furfura. Darasi ɗaya a kan lafiyar jiki, ɗaya a kan ɗan sanda mai doguwar hula yana nuna wa tsohuwa hanya, ɗaya kuma a kan abin da suke kira summer.

"Bazararsu ke nan," in ji Silvanus. "Lokacin da rana take fitowa a ƙasarsu. Yana faɗuwa daidai da daminarmu."

"Wato muna nan muna fama da ciyawa a gonar acca, su suna kwance tsirara a yashi?" in ji Zamani. "Ticha, wannan Turanci na masu hutu ne."

"Tashi tsaye! Tunda bakinka yana ƙaiƙayi, gaya mini, me ake nufi da caught red-handed?"

"An kama shi da jan hannu."

"Ƙarya ne! An kama shi yana cikin yi, kaya a hannu. Maimaita!"

"To ai shi ne, Ticha. In na kama shi da kaya, kafin mu kai caji ofis ai hannun ya yi ja."

"Maimaita na ce!"

Haka ya riƙa yi da su. Ya tsayar da wannan, ya yi wa wancan tsawa, ya sa wani ya faɗi on the beat har harshensa ya gaji, har ya gane sintiri ake nufi. Ya bi benci benci da tambaya. Amma duk lokacin da layi ya kawo kan bencin baya, sai idonsa ya tsallake, ya koma gaba ya fara sabon layi. Kofur yakan gyara zama yana jira, sannan ya sake jingina da bango.

Da sassafe kuma suna haɗuwa a filin ƙwallon ma'aikatan jirgi. Silvanus ne ke ba da umarni da Turanci don kunnensu ya saba: su sunkuya, su taɓa yatsun ƙafa, su yi tsalle, su ruga. Yaya mutum zai ce wa surukinsa ya sunkuya? Sai ya riƙa juya wa gefen Kofur baya, yana yi wa sauran ihu. Kofur kuwa yakan dubi na kusa da shi, ya yi abin da ya ga an yi. Jikinsa kamar icen ƙirya, babu wanda ya lura cewa ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnensa ba.

Damina ta kankama. In ruwa ya sauko a kan kwanon ajin, ba a jin muryar mutum ɗaya, sai dai a yi karatun taro. Silvanus yakan buɗe darasin bazara, domin shi ne mai sauƙin rerawa, ya faɗa su amsa. A nan ne kaɗai Kofur yake samun shiga, kuma muryarsa ta fi ta kowa, muryar da ta saba tsayar da faɗa a kasuwa. Wata rana ruwa ya ɗauke farat ɗaya, aji ya yi shiru, Kofur kaɗai ya ƙarasa layin da ƙarfi. Kowa ya juyo. Dole Silvanus ya ce wani abu.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da kyau, Baba."

Abin da ya taɓa gaya masa ke nan a ajin, daga farko har ƙarshe. A wurinmu wannan ne ake kira ladabi, kuma in yaro ya yi shi sai a ce ya sami tarbiyya.

Ran Lahadi bayan an tashi daga sujada, Afiniki ta tare shi a gindin mangwaron majami'a.

"Yaya Baba a aji?"

"Yana ƙoƙari."

"Silvanus, dube ni. Jiya na tambaye shi sunansa da Turanci. Ka san abin da ya ce mini? Ya ƙame ya fara ba ni labarin summer."

"Zai iya. Akwai sauran lokaci."

"Ka taɓa tambayar sa wani abu shi kaɗai?"

"Afiniki, ina zan sa fuskata? In tsayar da shi a gaban su Zamani in ce masa bai iya ba? Gobe a ce a Samaru yaron da zai ɗauki 'yarsa ya tsinka shi a bainar jama'a?"

"Ashe? Kai da kake zagin hedimasta kullum a kan yaran mutane? Nasu iyayen ba su da fuska ke nan, sai nawa?" Ta gyara ɗankwalinta. "Kakin nan shi ne mutuncinsa. Tun kafin a haife ni yake sa shi. In ba za ka iya a aji ba, zo gida ka koya masa, ni zan fita in ba ku wuri."

Ya yi alkawari. Ya kuma je, sau ɗaya. Ya tarar da Kofur a ƙofar ɗakinsa na bariki yana goge bel. Silvanus ya cire takalmi, ya durƙusa, littafin yana cikin rigarsa yana tokare masa ciki. Suka gaisa. Suka yi zancen ruwan bana, da yadda dawa ta yi a Samaru, da ciwon ƙafar wata gwaggo.

"Malam, karatun namu dai muna kamawa ko?" in ji Kofur.

Ƙofar da yake nema ke nan, a buɗe. Silvanus ya dubi ƙasa ya ce, "Ana kamawa, Baba. Da ikon Ubangiji."

"Madalla. Na ce wa uwar Afiniki, yaron nan ya iya koyarwa. Ko sau ɗaya bai taɓa samu na da kuskure ba."

Silvanus ya sa takalminsa ya tafi da littafinsa.

Ranar jarrabawa wani hafsa ya sauka daga jirgin Kaduna, matashi, ɗan kudu, da 'yar sanda a hammata. Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Aka fara da fili. Aka zagaya, aka sake zagayawa, samari suna haki suna riƙe ciki, Kofur Tagwai ya shigo a sahun gaba ko numfashinsa bai canja ba. Hafsan ya buga masa kafaɗa ya ce, "Fit as a fiddle!"

Zamani ya raɗa wa na kusa da shi, "Wai lafiyarsa garau kamar goge. Mun yi wannan a aji." Kofur ya sara, yana murmushi, bai san abin da aka ce ba.

Da rana aka koma aji. Hafsan ya zauna a teburin malami, ya ce Silvanus ya zauna gefensa. Ana kiran su ɗaya bayan ɗaya, sauran suna leƙe ta taga, har da masu tallar gyaɗa da 'yan dako daga tasha. Zamani ya shiga, aka tambaye shi yadda zai kama ɓarawo. Ya kakkarya Turancin, ya haɗa da hannu da ƙafa, amma ya kai inda za shi, har ya jefa red-handed a ƙarshe yana kallon Silvanus. Hafsan ya yi dariya ya ce ya wuce.

Sai aka kira Kofur. Ya shigo da kakin da ya sha sitaci, maɓallai suna walƙiya, ya buga ƙafa ya ƙame. Hafsan ya saki fuska, don ya tuna shi daga fili. Ya tambaye shi a hankali, da Turanci mai sauƙi, cewa a ce yana sintiri a kasuwa, mace ta yi ihu an sace mata kaya, me zai yi?

Mutumin da ya fi shekara ashirin yana wannan aiki a wannan kasuwa ya ja numfashi, ya ɗaga haɓa.

"In summer the days are long! We go to the seaside! We swim in the sea and we eat ice cream!"

Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ya gama, sai ya juyo ya dubi Silvanus, yana jiran a ce da kyau.

Wani ɗan dako ne ya fara fashewa da dariya a taga, shi ma ba don ya ji Turancin ba, sai don ya ga fuskar hafsan. Sauran suka kama. Zamani kaɗai ya bar tagar ya koma gindin bango. Hafsan ya tsawatar, ya sake tambaya, a wannan karon sunansa kawai ya nema. Kofur ya ga kamar bai ɗaga murya sosai ba ne, sai ya sake daga farko, da ƙarfi fiye da na dā.

Hafsan ya ajiye alƙalami, ya juyo ga Silvanus. Ya tambaye shi ko wannan mutum ya riƙa zuwa aji. Silvanus ya ce bai taɓa fashi ba. Ya tambaye shi ko ya san mutumin bai iya ba. Silvanus ya kafa ido a kan teburin. Gumi ya bi ta bayan kunnensa ya shiga wuyan rigarsa. Hafsan ya daɗe yana kallon sa, sannan ya ce a kira na gaba.

Kafin wata ya ƙare Kofur ya mayar da kaki da bel da hula. Ranar da zai koma Samaru, Silvanus ya je tashar mota. Ya same shi zaune a kan akwatin ƙarfe cikin wata tsohuwar riga da ta yi masa yawa, tabarma a naɗe a gefe, matarsa tana ɗaure tukwane. Afiniki tana tsaye bayan uwarta. Da ta hango Silvanus, sai ta mayar da idonta kan tukwanen.

Ya cire takalmi ya durƙusa a cikin caɓin tashar.

"Tashi, Malam, wandonka zai ɓaci."

Bai tashi ba.

"Zamani ya zo mini jiya," in ji Kofur. "An ba shi sabon kaki. Ya ce tsawar da ka riƙa yi masa ce ta cece shi." Ya dubi yaran mota suna ɗora buhuna. "Ni kuwa ka girmama ni."

"Baba..."

"Abu ɗaya nake so. Abin nan da na faɗa wa hafsa, mutane suka yi dariya. Na tambayi Afiniki, ta fashe da kuka. Kai ne malamina. Mene ne na ce?"

Silvanus ya ji duk tashar ta yi tsit, ko da yake babu wanda ya daina abin da yake yi.

"Cewa kuka yi, da bazara yini yana da tsawo."

"Sai me?"

"Muna zuwa bakin teku. Muna iyo a ciki. Muna shan ƙanƙara mai zaƙi."

Kofur ya gyaɗa kai a hankali, kamar mai sauraron ƙara.

"Shi kuma me ya tambaye ni?"

"Yadda za ku yi in an yi sata a kasuwa."

Tsohon ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi ya dubi bayan. Direba ya danna ham, yaran mota suka fara kiran Zonkwa da Samaru.

"Teku," in ji shi. "Ni da ko Kaduna sau ɗaya na taɓa zuwa."

Ya miƙe. Silvanus ya zabura zai ɗaukar masa akwatin, Kofur ya riga shi, ya saɓa abinsa a kafaɗa da hannu ɗaya, ya nufi motar.