Saurar Baba Mudi

"Baba, aje gatarin ga," in ji Garba malamin daji. "Don Allah aje shi, kak ka sa ni abin da ban so."

Baba Mudi bai aje ba, bai kuma ɗaga shi ba. Yana tsaye a gindin wani marke, ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, yana kallon Garba kamar wanda aka yi wa magana da wani yare. A haka Ƙasimu maƙwabcinsa ya same su. Daga fadama ya taso, inda yake cirar albasa, hannuwansa duk laka.

"Ƙasimu, zo ka ji," in ji tsohon. "Wai gonata ta zama gandun gwamnati. Gaya mishi ko ta wa ta."

"Taka ta, Baba."

"Ni ma na san tashi ta," in ji Garba. "Nan anka haihe ni. Amma ga turaku can, ka gan su. Duk abin da ag ga bayan simintin ga daji na, ba a sara, ba a ƙonawa, ba a shuka. In ka sare reshe guda, ni za a kora, kai kuma a kai ka Jega."

Ƙasimu ya sunkuyar da kai. Ya san yadda aka yi turakun nan suka zo wurin, kuma duk Karaye shi kaɗai ya sani.

Gona biyu Baba Mudi ya gada, kuma yadda ubansa ya yi da su haka shi ma yake yi. Sai ya nomi ɗaya shekara shida, ɗayar kuwa ya bar ta saura, ta huta, sabara da kalgo da marke su tofo su rufe ta, shanun Fulani su kwana a ciki da rani. In shida ta cika sai ya yi sassabe ya koma mata, waccan kuma ta shiga hutu. Tun da takin zamani ya shigo, kowa ya daina wannan. Mutane sun kwakkwafe gonakinsu tas, ko inuwar da za a aje butar ruwa babu, suna yi wa tsohon dariya wai yana kiwon itace. Shi kuwa ko a jikinsa, cewa yake ƙasa ma gajiya take yi kamar jaki.

Bara da rani masu awo suka zo da mota da sarƙa. Bayan farin da aka sha, gwamnati a Sakkwato ta ce a ware ƙasa: nan noma, nan kiwo, nan daji. Mai gari ya sa aka yi shela, kowa ya je ya tsaya a gonarsa. Baba Mudi ya je ya tsaya a wadda yake nomawa. Saura kuwa wa zai je ya tsaya mata? Ga gamba nan jere a iyakarta tun zamanin kakansa, ko makahon garin ya san ta wane ce.

Gonar Ƙasimu ce ke maƙwabtaka da saurar, don haka shi mai awon ya tambaya.

"Wannan fa?"

"Saurar Baba Mudi ta."

"Ana nomanta?"

"Ina. Shekara biyar ke nan ko fartanya ba ta taɓa ta ba."

Da alfahari ya faɗa, wallahi. Har ya duƙa ya damƙo ƙasar ya nuna wa mutumin baƙinta, don ya san a Karaye akwai sauran masu sanin noma. Mutumin ya gyaɗa kai ya yi rubutu. Da aka zo bayan kaka aka kafa turakun siminti, mutane suka ce ai alamar hanya ce za a fitar. Ƙasimu ya gane ko na mene ne tun ranar, amma bai gaya wa kowa ba.

Kwana uku bayan maganar gatari suka hau motar albasa zuwa Jega, shi da tsohon. Baba Mudi ya sa rigarsa ta Juma'a. Sun zauna a benci tun hantsi har aka yi azahar kafin a kira su. Jami'in da suka samu ba mugu ba ne, wannan shi ya fi ci wa Ƙasimu rai, don da mugu ne da mutum ya sami wanda zai zaga a hanya. Ya ba tsohon kujera, ya sa aka kawo ruwa, sannan ya shimfiɗa wata babbar takarda a tebur.

"Baba, wannan hoto ne da jirgi ya ɗauka daga sama. Ka ga nan duk fari? Gonaki ne, babu itace ko ɗaya. Ka ga nan da ya yi duhu? Shi kaɗai ya rage tsakanin ku da Andarai. Hamada tana tahowa. In ba a tsare irin wannan ba, jikokinku rairayi za su gada."

"Ranka shi daɗe, duhun ga wa yab bar shi?"

Jami'in ya sake duban hoton. Tsohon ya ɗora yatsa a kan duhun.

"Ni nib bar shi. Waɗanda sunka sare nasu hwa?"

"Nasu gona ce, an rubuta ta gona."

"Ke nan da na aske ta awa kowa, da yanzu tawa ta."

"Da an same ta a nome, da ba a taɓa ta ba," in ji jami'in, yana naɗe takardar a hankali. "An tambaya a wurin, aka ce shekara biyar ba a noma ta ba. Takarda ta riga ta tafi Sakkwato, an sa hannu. Ni ba ni da ikon matsar da turke ko taku ɗaya."

Ƙasimu ya saci kallon Baba Mudi. Ya jira tsohon ya tambayi wanda ya faɗa, amma bai tambaya ba. Hularsa kawai ya gyara, ya yi godiya, suka fito.

Ruwan shuka ya sauka. Baba Mudi ya koma wa gonar da ya kamata a ce ta shiga hutu, ya zuba mata iri a shekara ta bakwai. Geron ya fito siriri, ya yi ja, ya tsaya iya idon sawu ya ƙi gaba. Ƙasimu ya kawo masa taki a kwarya ya ce ya gwada. Tsohon ya karɓa don kada ya kunyata shi, ya aje a zaure, a nan ya dunƙule. Daga baya ma ya daina zuwa gonar. Da safe sai ya ɗauki sanda ya nufi saura, ya zauna daga wajen iyaka yana kallon yadda ciyawa ta yi baƙi ƙirin don ƙoshi. Ƙasimu yana noma a tasa gonar yana hango shi, abin yana cin sa kamar gara.

A can ruwa ya kama shi wata Talata. Ya iso gida jiƙe sharkaf, washegari haƙarƙari ya riƙe. Inna Dije matarsa ta yi jiƙe-jiƙenta, aka kira mai allura daga Maiyama ya zo sau biyu. Ɗansu guda Attahiru yana can Ikko wajen sayar da albasa, aka ba direba saƙo.

Rana ta shida da la'asar Inna Dije ta leƙo ta kan danga ta ce Malam na kiran Ƙasimu. Ya same shi kwance a gadon kara, ɗakin na warin man zafi da hayaƙi, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Zamna kusa. Akwai kirya ukku tsakiyar saura, wajen tsohon suri. Ka san su?"

"Na san su, Baba."

"Tun da an hana ni noma ta, a ruhe ni da iccenta. Shi ɗai nika roƙo. Kirya ba ta ruɓa da wuri."

"Allah shi ba ka lahiya, Baba."

"Bar wagga magana. Ka yi alkawali?"

"Na yi."

Sai kuma abin da ya daɗe yana danne wa ya taso masa, ya kasa riƙewa.

"Baba, ni na. Ni mai awo yat tambaya. Ni nic ce shekara biyar ba a noma ta ba."

Tsohon ya juyo ya dube shi.

"Ƙarya kay yi mishi?"

"A'a."

"To."

Bai ƙara ba. Ya juya fuskarsa bango. Ƙasimu ya zauna yana jiran ko zagi ko yafiya, bai sami ko ɗaya ba, har aka kira magariba ya tashi.

Washegari da hantsi Baba Mudi ya cika. Attahiru bai iso ba, kuma gawa ba ta jira. Masu haƙa suka tafi maƙabarta, Ƙasimu ya saɓi gatari ya nufi saura. Ya iske Garba zaune a kan kekensa a bakin iyaka, idanunsa jawur. Ashe ya ji rasuwar, ya kuma ji wasiyyar, don a Karaye magana ba ta kwana a ɗaki ɗaya.

"Reshe shida kawai, Garba. Na kabari."

"Je ka duba jikinsu."

Ƙasimu ya shiga. Kowace kirya an shafa mata jan fenti, an rubuta lamba. Marken ma haka.

"Wancan mako babbanmu yaz zo yaƙ ƙidaya su," in ji Garba daga bayansa. "Shina dawowa ƙarshen wata. Sai da takarda daga Jega, ita kau takarda kwana nawa? Ɗiyana bakwai, Ƙasimu. Baba Mudi yay yi man huɗuba ranar sunana, kana ji ban sani ba?"

Ƙasimu ya ɗora hannu a jikin kiryar. Sara uku zai yi reshe ya faɗo, kuma ya san Garba ba zai kama hannunsa ba, kuka kawai zai yi. Ya tsaya har gatarin ya yi masa nauyi a kafaɗa. Ya riga ya cuci mutum ɗaya a kan wannan ƙasa da bakinsa, ya rasa ƙarfin cutar na biyu da hannunsa. Ya juyo ba tare da ya dubi Garba ba.

A tsakar gida ya sami Inna Dije zaune a tabarma cikin mata. Ta dubi kafaɗarsa, ta dubi hannunsa wayam. Ta yunƙura ta tashi, ta ja shi bayan ɗaki inda rumbun gero yake zaune a kan duwatsu da gumaguman itace.

"Waɗanga kirya na," ta ce. "Daga can yas saro su, sassaben da yaw wuce, shekara goma sha biyu ke nan. Ku zare su."

"Inna, in mun zare rumbun zai zamna ƙasa. Damana ta."

"Mi za a zuba ciki bana?"

Maza huɗu suka sa kafaɗa suka ɗaga rumbun. Bai yi nauyi ba. Ƙasimu ya durƙusa ya zaro itacen ɗaya bayan ɗaya, baƙaƙe, masu sanyi, ko gara ba ta taɓa su ba. Da su aka rufe Baba Mudi kafin azahar.

Suna dawowa hadari ya haɗo daga gabas, masu zaman makoki suka takure a zaure. Ƙasimu ya zaga bayan ɗaki don ya ɗauko gatarinsa da ya manta. Ruwa ya riga ya fara taruwa a gindin rumbun, jar ƙasar tana jiƙa tana saki kaɗan kaɗan, tana bin rariya zuwa waje.