Godiyar Mushe Gideon

"Rubuta," in ji Mushe Gideon. "Sa a sama, da manyan baƙaƙe: Godiya ga waɗanda sunka karanta."

Hajjo ta gyara kayen, wato littafin rubutu, a kan gwiwarta ta rubuta. La'asar ce ta watan Afrilu na shekarar 1996, garin Madawa ko'ina warin albasa. An fito da tsohon daga ɗaki saboda zafi, an kwantar da shi a gadon kara ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida. Kwana huɗu ke nan da dawo da shi daga asibitin mishan, inda likita ya ja ɗansa Mika gefe ya ce masa zuciyar ta gaji, a kai shi gida ya huta cikin mutanensa. Ƙafafunsa sun kumbura, yatsunsa ba sa iya riƙe bik ɗin rubutu. Shi ya sa ya aika a kira Hajjo, wadda katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasa.

Ba maƙwabtaka kaɗai ta haɗa su ba. Tana 'yar shekara takwas, a wani ƙauye kusa da Buza, shi ne mushensu, wato malaminsu na boko, a zamanin da ake karatu da tele, akwatin talabijin. Kowace safiya sai ya yaye ƙyallen da ke rufe akwatin, ya haɗa batir, mutane su fito a cikin gilashi suna koya wa yara magana da lissafi. Hajjo ta fi kowa a ajin. Iyayenta manoma ne, kakanta ma bai taɓa sa goshi a ƙasa don salla ba, amma in ta tashi tana kwaikwayon matar da ke cikin tele, har tsofaffi ke zuwa leƙe ta taga. Wata rana mota ta zo aka ɗauke akwatin. Ajin ya watse. Hajjo ta koma surfe da ɗiban ruwa, Mushe Gideon kuma aka yi ta jefa shi daga wannan ƙauye zuwa wancan har ya yi ritaya. Yanzu mijinta na Abijan wajen cin rani, ita kuma tana aikin zaɓen albasa a siton 'yan kasuwa, tana ware mai kyau da ruɓaɓɓa.

Tun da matarsa Susana ta rasu, tsohon ya shiga rubutu. Tarihin tele yake rubutawa, amma ba wanda aka yi ba. A cikin nasa, motar nan ba ta zo ba. An bar akwatin a aji, daga baya aka kafa tashar tele a kan dutsen Buza, wadda ke magana da Hausar Adar. Ya bi ta shekara bayan shekara: sunayen shirye-shirye, da darektocin da suka yi faɗa kan kujera, da ranar da aradu ta faɗa wa eriya, da manoman Ibohamane da suka nuna wa duniya yadda ake jera duwatsu a tare ruwa a gangare. Shekara tara yana yi. Kaye arba'in da uku. Duk wanda ya gama sai ya ɗaure shi da zare, ya sa hularsa, ya kai wa masu karatunsa da ƙafarsa.

"Na farko, Mushe Harisu, darektan lakwal," in ji shi. "Rubuta: wanda bai taɓa maido mini kaye ba sai da kalma mai daɗi."

Hajjo ta rubuta, tana cije leɓe. Ta sha wucewa ta gaban majalisar Harisu, shugaban makarantar, ta ji yana ce wa abokansa, "Ga mai tashar Buza can tahe, ku gyara a ɗauke ku hoto." Su yi ta dariya har tsohon ya iso, sannan su miƙe su gaishe shi da hannu biyu.

"Na biyu, Alƙasim na gidan waya, wanda ya tahi da kaye takwas Yamai don ya nuna ma manya."

Wannan ma ta san labarinsa. Matar Alƙasim ce da bakinta ta gaya mata kayen na nan cikin kwali a ƙarƙashin gado, ko tashar mota ba su je ba. Shekara uku ke nan tsohon na jiran amsa daga Yamai.

Haka ya yi ta kira, tana rubutawa: fasto, da wani ma'aikacin asibiti, da wani tsohon soja, da wasu biyu. Mutum bakwai. Yana kiran suna ɗaya sai ya tsaya ya nemi numfashi, ƙirjinsa na ƙara kamar ana jan guga a bakin rijiya.

Mika ya shigo ɗauke da jarkar esansi, man injin wutarsa, zai wuce zaure, inda yake da gidan bidiyo, yana nuna fina-finan faɗa da na rawa. Ya tsaya ya dubi uban.

"Baba, likita ya ce ka bar yawan magana."

"Na kusa gamawa."

"Shekara tara kana kusa gamawa," in ji Mika, ba da faɗa ba, da gajiya. Ya gyara masa matashi da hannu ɗaya, ya wuce.

Tsohon ya bi bayansa da kallo har labulen zaure ya faɗi.

"Bar layi guda," ya ce wa Hajjo. "Kada ki sa komi."

Ta tsallake layin.

"Sai ke. Rubuta: Hajjo, ɗiyata ta aji, wadda ta bi ni tun daga kaye na ɗaya har na ƙarshe."

Bik ɗin ya tsaya a hannunta. Gaskiyar ita ce kaye talatin ta karanta, wasu ma sau biyu. Amma tun a kaye na goma sha biyu wata yarinya ta shigo labarin, mai suna Hajjo, 'yar ajin tele ta wani ƙauye kusa da Buza. Da fari abin ya yi mata daɗi. Yarinyar ta ci jarrabawa, ta tafi kwaleji a Tawa, ta dawo tashar Buza tana share ofis, daga nan aka ba ta shirin yara. A kaye na talatin aka zaunar da ita a gaban na'ura ta karanta labaran duniya, mace ta farko, mutane suka cika dandali tun daga Keita har Sabon Gida don su ga fuskarta. Ranar da Hajjo ta karanta wannan, daga sito ta dawo, bayanta na ciwo, idonta na ruwa saboda albasa. Ta rufe kayen ta shiga ɗaki ta yi kuka irin wanda ko mutuwar uwarta ba ta yi ba. Tun daga ranar, in ya miƙo mata kaye ta katanga sai ta ajiye shi a kan kwano kwana biyar, ta mayar ta ce, "Ya yi kyau, Mushe."

"Mi kika tsaya yi?" in ji shi.

"Bik ɗin ne."

"Ba bik ba ne." Ya juyo da kansa a hankali. "Ɗiyata, ƙullina na san shi. Susana ta koya mini, ba wanda ya iya shi a garin nan. Kaye in ya dawo, zare nike dubawa. Harisu bai kunce ko ɗaya ba tun na huɗu. Fasto ya kai na tara. Ke kinka kai talatin. Na talatin da ɗaya ya dawo yadda ya tahi."

Kunya ta rufe ta, sai kuma wani abu mai zafi ya taso ta ƙarƙashin kunyar.

"To in ka sani, don mi kake gode musu? Dariya suke maka, Mushe!"

"Na sani."

"Ka sani kake sa ni in rubuta?"

"To wa zan gode ma?" Ya ɗan yi murmushi, wanda bai kai ido ba. "Mutum ya gama aiki ya waiwaya, ai sai ya ce wani abu. Su ke nan gare ni." Ya numfasa. "Su ban tambaye su ba. Ke nike tambaya. Mi ya tsaida ke?"

Ba ta yi niyyar faɗa ba. Mutum ne a bakin tafiya, kuma mushenta. Amma maganar ta fito da kanta.

"Don mi ka sa sunana? Sunaye sun ƙare a duniya? Ka ba ta kwaleji, ka ba ta mota, ka sa ana tsayawa a hanya ana nuna ta. Ni in dawo hannuna na wari, ɗiyana na kukan yunwa, in buɗe in tarar da ita ta ɗaura kallabi tana gaida jama'a da muryata. Da ban san abin da na rasa ba, Mushe. Ina zamana lafiya. Kai ka zauna ka lissafa mini shi, shekara bayan shekara."

Wata kaza ta zo tana tsattsagar ƙasa kusa da ƙafar gadon.

"Na zaci kyauta nike miki," in ji shi.

"Ba kyauta ba ce."

Ya rufe ido. Ta ga ruwa ya gangaro ta gefen idon ya shige cikin furfurar kunnensa. Ta so ta janye maganar, amma ba ta san ta inda za ta kama ta ba, don ba ƙarya ta yi ba.

"Ranar da anka ɗauke akwatin," ya ce, idonsa a rufe, "ni na taya su ɗora shi a mota. Ni na riƙe gefe guda. Kina tsaye bakin ƙofa da allonki. Kinka ce, Mushe, gobe za su maido shi? Na ce i." Ya yi tari mai tsawo. "Sa sunanki. Goge 'har na ƙarshe' in kina so. Sa: wadda ta karanta har ya yi mata ciwo. Ba ni da wani mai karatu da ya kai nan."

Ta rubuta yadda ya ce. Ya ƙara layi uku na rufewa, ya roƙi gafarar kurakurai, ya ce labarin ya tsaya a nan ba don tashar ta mutu ba, sai don mai ba da labarin ya gaji. Sannan ya sa ta yi alkawarin za ta kai takardar ta karanta wa kowane ɗaya a gabansa.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, tana sito aka zo aka gaya mata. Matar Mika ce ta kai masa kunu ta tarar ya tafi, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin kunci. Aka yi masa sujada a majami'a, aka kai shi maƙabartar Kirista a bayan gari. Hajjo ta zauna a gidan tare da matan unguwa, Musulmi da Kirista, tana taya dafa abincin baƙi, tana jin waƙoƙinsu daga nesa.

A rana ta uku ta cika alkawari. Ta fara da Harisu. Ta same shi a majalisarsa, ta durƙusa gefe ta ce saƙon mamaci ta kawo. Ta karanta tun daga sama har ƙasa. Da ta zo kan sunansa ya gyara zama, ya dubi abokansa.

"Allah sarki! Mutumin kirki. Ni fa duk na karance su, wani wurin har hawaye nike yi." Ya miƙo hannu. "Kawo in gani. A'a, ni ya sa na farko? To madalla. Ke kika rubuta wanga? Kin manta wasali a nan."

Ta karɓi takardarta ta tashi. Alƙasim ya saurara a tsaye a bakin gidan waya, yana kallon agogo, ya ce Yamai sai haƙuri, amma yana nan yana bin maganar. Fasto ne kaɗai ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Tsohon sojan ba ya ji sosai, sai da ta maimaita da ƙarfi, ƙarshe ya tambaye ta wane Gideon.

Da ta dawo ta tarar Mika ya ajiye mata kwali cike da kayen ubansa a bakin ƙofa.

"Ɗakin za mu gyara," ya ce, bai dube ta ba. "Ke kin san darajarsu. Ni in na buɗe ba ni gane komi." Ya juya ya koma gida.

Ta ja kwalin zuwa inuwar katanga, ta wanke hannunta da toka sau biyu, ta zauna a kan tabarma. Ta ciro na talatin da ɗaya ta ɗora a cinya. Can bayan katangar injin Mika ya tashi, aka buɗe gidan bidiyo karo na farko tun rasuwar, ihun fim da tafin 'yan kallo suka cika unguwa. Ƙaramar 'yarta ta zo ta jingina da kafaɗarta tana cin ɗanyen mangwaro. Rana ta yi ta sauka, inuwar ta wuce tabarmar ta kai bakin randa, kayen na nan a cinyar Hajjo, tafin hannunta a kan bangonsa.