Baƙuwar Cikin Tela

"Koma waje ka ƙarasa atishawarka!" na ce wa mai gyaran rediyo. Ina bakin ƙofar ɗakin Tela, maƙwabcinmu, na tokare ta da sandata.

"Haba Iya, mura ce fa. Gaishe shi kawai zan yi."

"Gaishe shi ta taga."

Tela ya yi dariya daga kan gado. "Iya, ni kike gadi ko ƙodar ɗanki?"

"Ƙodar. Kai wa ya damu da kai?"

Ƙodar autana ce a cikinsa. Da mijina ya rasu, Tela ne ya zaunar da yaron a kan keken ɗinki har ya zama mutum. Ni kuwa ba na manta abin da aka yi mini, alheri ko tsiya. Da aka ce ƙodojin Tela sun tsaya, ni na tura auta a gwada jininsa.

Likita ba ta ɓoye mana ba. Ta ce a wurin jiki ƙodar nan baƙuwa ce, ƙwayoyin da Tela yake sha su ke lallaɓa jikin kada ya kore ta. Mura in ta shigo, tana iya tayar da masu gadin jiki, su far mata, su haɗa da baƙuwar.

Na je sauke tukunya. Ina dawowa na tarar da mai gyaran rediyon a gefen gado, hannunsa cikin na Tela.

"Tare muka tashi, Iya," in ji Tela. "Da wane ido zan kore shi?"

Ba a jima ba tari ya fara, sai zazzaɓi. Wata safiya matarsa ta shigo mini ba sallama.

"Iya, fitsarin ya tsaya. Ƙafafunsa sun kumbura."

A asibiti likita ta duba shi, ta juyo gare mu. "Jikin ya juya wa baƙuwar baya. Murar kuma ta sauka ƙirji."

Tela ya janye robar numfashi daga bakinsa. "Iya... ban riƙe muku amana ba."

"Rufe mini baki. Ba aro na ba ka ba, biya na yi."

Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Bai kai la'asar ba.

Da aka watse zaman makoki, auta ya buɗe shagon Tela. Akwai wata riga a ƙarƙashin allura, rabin ɗinki. Ya zauna, ya dafa tabon da ke gefen cikinsa, sannan ya ɗora ƙafa a kan keken.